Harbin Salansar Mota: Sanadinsa Da Maganinsa

Jawabi ga Hakimai da Malaman Ofis na Ƙasar Daura

Wannan jawabi ya shafi wata ƙara ce da kowa ya sha ji a kan hanya, amma ba kowa ya san ma'anarta ba. Watau ƙarar nan da ta kan fito daga salansar mota ko ta babur, wani lokaci tas-tas-tas kamar ana soya gyaɗa, wani lokaci kuwa dam! kamar an buga bindiga. Direbobi da makanikai su kan ce motar tana harbi. Waɗansu su kan ɗauka alamar ƙarfin inji ce, waɗansu kuma su ce tsufa ne kawai, ba magani. Duka biyu kuskure ne. Ruwa ba ya tsami banza. Harbin salansa shaida ne cewa fetur yana ƙonewa a inda bai kamata ya ƙone ba, kuma lokacin da ƙarar ta ke zuwa shi ne ya ke nuna inda cutar ta ke.

DALILIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFI HAKIMAI

Mai yiwuwa wani ya ce wannan ai zancen gareji ne, me ya kawo shi gaban Hakimai? Dalilai uku ne.

Na farko, motar da ke hannun Hakimi ko ta ofishinsa amana ce. Da ita a ke zuwa fada gaisuwa, da ita a ke rangadi, da ita a ke kai majinyaci asibiti da tsakar dare. Tun ranar 29 ga Mayu na shekarar 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, ya kuma haye naira 1,000 a wurare da yawa cikin 2024. Motar da ke harbi kuwa mai ta ke zubarwa ta baya ba tare da ya yi aikin komai ba.

Na biyu, zaman lafiyar jama'a. An san irin abin da waɗansu sassan Jihar Katsina suka sha a hannun 'yan bindiga, musamman daga 2019. Zukatan mutane sun riga sun tsorata. Idan babur ya yi harbi a tsakiyar kasuwar Mai'adua ran Lahadi, ana cikin cinikin shanu, dabbobi su kan zabura, mutane su watse, a tattake yara da tsofaffi, ɓarayi kuma su sami abin da su ke so. Haka nan a ranar hawan Salla ko ta Gani a birnin Daura, dokin da bai saba ba ya kan kā da mahayinsa cikin taro. Akwai kuma wata illa da ta fi wannan: in mutane suka saba da jin harbin salansa kullum dare, ranar da za a yi harbin gaske sai su ce ai babur ne, su gyara kwanciya.

Na uku, rai da dukiya. Salansar da ta huje tana iya shigar da iska mai guba cikin mota, salansar da ta yi zafi fiye da kima kuwa tana iya tā da gobara a masussuka. Za a zo ga bayanin waɗannan a gaba.

YADDA INJI KE ƘONA MAI

Ba za a gane cutar ba sai an san yadda lafiyayyen inji ke aiki. Irin injin fetur da ke cikin motocin yau wani Bajamushe ne mai suna Nikolaus Otto ya daidaita shi a 1876, kuma ka'idarsa ba ta sāke ba har yanzu. A cikin inji akwai ramuka masu kama da turmi, su a ke kira silinda. Yawancin ƙananan motoci huɗu gare su. Cikin ko wace silinda akwai fistin, mai hawa da sauka kamar taɓarya. A bisanta akwai ƙofofi iri biyu da a ke kira bawul, ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita, sa'an nan ga fulogi mai ba da tartsatsi.

Aikin hawa huɗu ne. Da fari fistin ya sauka, ƙofar shiga ta buɗe, ya zuƙo iska gauraye da fetur. Na biyu, ƙofofi su rufe, fistin ya hau ya matse su. Na uku, fulogi ya ba da wuta, man ya kama, ƙarfinsa ya tura fistin ƙasa. Wannan turawa ita ce ke juya ƙafafun mota. Na huɗu, ƙofar fita ta buɗe, fistin ya hau ya kori hayaƙi zuwa salansa. Idan inji mai silinda huɗu yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, to, ana kunna wuta cikinsa sau 6,000 ke nan a minti, watau sau 100 a ko wace daƙiƙa.

Abubuwa uku ne dole su daidaita kafin wannan ya tafi sumul. Ɗaya, gaurayen iska da mai: kusan kilo 15 na iska ga kilo 1 na fetur. Biyu, wuta mai ƙarfi a daidai lokacinta. Batirin mota bolt 12 ne, amma kwayil ya kan ɗaga shi ya wuce bolt 10,000 kafin ya tsallake bakin fulogi. Uku, ƙofofi su rufe ruf. In ɗaya daga cikin ukun nan ya kauce, sai ɗanyen mai ya tsere zuwa salansa. Can kuwa ƙarfe ya yi zafi ƙwarai. Da man ya sami 'yar iska sai ya kama bagatatan, shi ne harbin da a ke ji.

ABUBUWA BIYAR DA KE KAWO HARBI

Na ɗaya, huda ko tsagewa a jikin salansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutane su kan zaci hayaƙi ne kaɗai ke fita ta wurin huda, alhali kuwa tsakanin bugun hayaƙi da na bayansa iskar waje ta kan kutsa ciki, musamman sa'ad da direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Wannan iska ita ce ke hura ragowar man da ke cikin bututun. An fi samun tsagewar a wurin da salansa ta haɗu da inji, inda gasket ya ƙone ko noti ya kwance, da kuma tsohon ɗinkin walda. Motocin da ke bin hanyoyin ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu, inda cikin mota ke gogar ƙasa da kututture, sun fi fama da wannan.

Na biyu, raunin wuta. Fulogi ya tsufa, ko bakinsa ya buɗe da yawa, ko wayarsa ta tsattsage, ko kwayil ya gaji. Sai silinda ɗaya ta riƙa tsallake zagaye ba ta kama ba, abin da makanikai ke kira misin. Man da ta zuƙa duk ya tafi salansa ɗanye.

Na uku, ƙarancin mai a cikin gauraye. Wannan ya kan ba mutane mamaki, domin sun ɗauka yawan mai ne kaɗai ke kawo harbi. To, gaurayen da iska ta yi wa yawa a hankali ya ke ci, kamar ɗanyen itace, har ƙofar fita ta buɗe bai gama ci ba, wani zubin ma ya ƙi kamawa sam. Abin da ke jawo haka shi ne toshewar matacin mai, ko famfon mai da ya raunana, ko nozul da ya cushe, ko kuwa wata roba da ta tsage tana shigar da iska ta ɓarauniyar hanya. Fetur mai datti ko mai ruwa, irin wanda ya daɗe a jarka a bakin hanya, shi ne babban mai toshe waɗannan. Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, sa'ad da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, hukuma da kanta ta tabbatar, motoci da yawa suka lalace.

Na huɗu, yawan mai. In mai ya fi ƙarfin iskar da ke akwai, ba duka zai ƙone ba. A nan ƙasar, ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ta kan toshe matacin iska cikin 'yan makonni, inji ya rasa numfashi. A tsofaffin motoci masu kafireto, cok da ya maƙale ko kafireton da ke ambaliya su ma su kan kawo haka. Alamarsa baƙin hayaƙi da warin fetur.

Na biyar, saɓanin lokaci da ƙonewar bawul. Idan wuta ta makara, watau taimin ya kauce, man yana cikin ci ƙofar fita za ta buɗe. Haka kuma in an sauya wa wayoyin fulogi wuri bayan wankin inji. A yawancin injuna masu silinda huɗu jerin wutar 1, 3, 4, 2 ne. Wanda ya saɓa wannan jeri zai ji harbi tun daga tashin farko. Bawul ɗin fita kuwa in ya ƙone bakinsa ya ɓantare, ba zai ƙara rufewa ruf ba, wuta za ta riƙa zurarewa ta nan ko wane zagaye.

KUNNE KAFIN SIFANA

Likita ba ya fara yanka sai ya tambayi majinyaci inda ke yi masa ciwo da lokacin da ciwon ke tashi. Haka ya kamata a yi wa mota. Tambayoyi huɗu ne za a yi wa direba tun ba a kira bakanike ba.

Shin harbin sa'ad da aka ɗaga ƙafa daga totur ya ke zuwa, kamar a gangare ko wajen shiga gari? In haka ne, a fara zargin huda a salansa, sa'an nan ƙarancin mai.

Shin sa'ad da aka taka totur ne, mota ɗauke da kaya, tana fizga tana shaƙewa? To, a fara zargin fulogi da wayoyi da kwayil, bayansu famfon mai da matacinsa.

Shin mota tana tsaye ne tana silo, a ke jin fut, fut, a kai a kai ba fashi, jikinta na rawa? Wannan alama ce ta silinda ɗaya da ba ta aiki, ko don fulogi ko don bawul.

Shin da sanyin safiya ne kaɗai ko bayan ruwan sama, in inji ya ɗumama sai ya daina? To, raɓa ce ko danshi ya shiga wayoyi ko murfin disfuto, ko kuwa wata 'yar tsaga ce da ta kan rufe in ƙarfe ya yi zafi ya buɗa.

Sai kuma a lura da gefen da ƙarar ke fitowa. In ta gaba ce, ƙarƙashin bonet, kamar mota ta yi atishawa, wannan wuta ce ta koma ta hanyar shigar iska. Ta fi ta baya haɗari, gama tana iya kama kafireto da matacin iska. Irin wannan mota a tsai da ita nan take.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba cuta ba ne, kada a ɓata kuɗi a kansu. Ƙarar ƙas, ƙas da a ke ji bayan an kashe mota ƙarfe ne ke hucewa. Ɗigon ruwa daga bakin salansa da safiyar hunturu kuwa tururi ne ya daskare, domin ƙonewar fetur da ma ruwa ta ke haifarwa.

BINCIKE BI DA BI

Ka'ida ita ce a fara da abin da ido ke gani kuma ba ya cin kuɗi, a ƙare da abin da sai an kwance inji. Bakaniken da ya fara da cewa a sauke inji tun bai duba fulogi ba, a nemi wani.

Da fari a duba salansa tun daga inji har wutsiya, mota tana sanyi, a fili inda iska ke kaɗawa. Duk gaɓar da aka ga baƙin toka ya zagaye ta, nan hayaƙi ke fita. A tā da mota, wani ya danne bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, wani ya saurara. Inda aka huje za a ji yana huci. Ruwan sabulu ma in an shafa zai yi kumfa a wurin. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai, sai an tokare ta da abu mai ƙarfi.

Na biyu, a buɗe matacin iska, a ɗaga shi wajen rana. In haske ba ya ratsa shi, ya gama aiki. Kada a wanke na takarda da fetur, kada kuma a cire shi a yi tafiya haka, domin yashi zai shiga ya cinye silinda.

Na uku, a kwance fulogai a jera su bisa tsarin silindarsu. Fulogi ba ya ƙarya. Mai launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka lafiya lau. Baƙi mai busasshen gawayi, mai ya yi yawa. Fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan, inji na zafi. Mai jiƙe da fetur, wuta ba ta zuwa masa. Mai maiƙon baƙin mai kuwa, inji ne da kansa ya fara sakin jiki. In uku sun yi kama ɗaya, ɗaya ya fita dabam, an gano silindar da ke da laifi. Tazarar bakin fulogi a yawancin motoci tsakanin milimita 0.7 ne da 1.1, littafin ko wace mota ya faɗi nata. In za a sāke, a sāke duka gaba ɗaya, kuma irin lambar da masu motar suka rubuta.

Na huɗu, wayoyi. A tā da mota da dare a buɗe bonet. Wayar da ta tsage za a ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga jikinta. A kalla da ido kawai, ban da taɓawa.

Na biyar, a sāke matacin mai, a sa bakanike ya auna ƙarfin famfo da agogonsa, a bi ƙananan robobin iska ɗaya ɗaya.

In duk wannan bai warkar ba, sai a koma ga bawul. A riƙe 'yar takarda a bakin salansa mota tana silo. Lafiyayyen inji tura ta zai riƙa yi waje. In ana ganin salansa tana tsotso ta jifa-jifa, akwai zargin bawul ya ƙone. Tabbaci kuwa sai an auna matsin ko wace silinda da agogo. Bai kamata bambancinsu ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. Sai bayan wannan awo ne ya halatta a buɗe kan inji.

TSOFAFFIN MOTOCI DA NA ZAMANI

A zamanin En'e, wanda ya ƙare da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, motocin da aka sani su ne Land Rover da Bedford, daga baya ga Peugeot 404 da 504 waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Masu shan fetur cikinsu galibi masu kafireto ne da disfuto, bakanike da kunnensa da sukundireba ya ke daidaita su. Har yanzu akwai irinsu suna ɗaukar kaya ranar kasuwa, yawancin babura ma kafireto gare su, bayanin da ya gabata kuma ya ishe su.

Motocin da suka biyo baya kuwa nozul ke fesa musu mai, wata 'yar na'ura da a ke kira ƙwaƙwalwar mota ita ke auna iska da mai da lokacin wuta. Ba a juya musu taimin da hannu. Amma suna da wani alheri: su kan rubuta ciwonsu da kansu. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta tilasta a sa wa motocin fetur wata kafa ƙarƙashin sitiyari inda a ke jona na'urar bincike. Galibin motocin da a ke shigowa da su na hannu daga can su ke. In na'ura ta nuna P0301, silinda ta ɗaya ce ke misin. P0302 ta biyu, haka har P0304. P0300 na nufin misin ɗin ba a silinda ɗaya ya tsaya ba. P0171 ƙarancin mai, P0172 yawansa. Lambar tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida ba. Misali, in ta ce silinda ta biyu, sai a musanya kwayil ɗinta da na ta uku. In lambar ta koma P0303, kwayil ne, in ta tsaya inda ta ke, a dubi fulogi ko nozul. Da wannan dabara ba a sayen abin da ba a bukata.

Fitilar nan mai hoton inji da ke gaban direba, in ta kama ta tsaya, a kai mota gareji cikin kwanakin nan. In kuwa tana ƙyaftawa, a rage gudu a nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen mai na kwarara cikin salansa. Direban da ya liƙe ta da baƙin salatif ya yi kamar mai toshe kunne don kada ya ji kukan ɓarawo.

MAGANAR INDOMI

A cikin salansar motocin zamani akwai wani tukunya-tukunya mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda makanikai ke kira indomi. An fara sa shi a motocin Amurka a 1975. Aikinsa ya ƙone gubar da ke cikin hayaƙi kafin ta fita. An shafe cikinsa da ƙarafa masu tsada ƙwarai, irin su filatinam, shi ya sa a ke sayensa, shi ya sa kuma a ke sace shi. Ɗanyen mai in ya daɗe yana zuba a kansa sai ya yi ja wur ya narke ya toshe hanya, mota ta rasa ƙarfi. A nan ne wani zai ce a fasa a zubar, mota za ta huta. Wannan ba magani ba ne. Fulogin da ya kashe indomi yana nan bai warke ba, an yi hasarar abu mai daraja, hayaƙi ya ƙara guba, harbi kuma sau da yawa sai ya ƙaru. Ya kamata malamin da ke kula da mota ya tabbata indomi na nan kafin ta shiga gareji da bayan ta fito, musamman in ta kwana can.

Wajen walda kuma, a kwance bututun a fitar da shi in da hali, a cire kan batir, a nisanci tankin mai. Liƙa huda da gwangwani da waya na iya kai mutum gida, amma ba gyara ba ne.

GUBA DA GOBARA

Cikin hayaƙin mota akwai wata iska da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jinin mutum fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. In salansa ta huje ƙarƙashin kujeru, ta kan shiga ta ramukan daɓen mota, musamman in an rufe gilasai saboda sanyi ko ƙura. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi. In fasinjoji biyu ko uku suka yi kukan ciwon kai lokaci ɗaya, a tsaya, a kashe mota, a fitar da kowa fili. Wanda ya suma a garzaya da shi asibiti. Kada a bar inji na aiki a rufaffen gareji ko zaure, kada kuma direba ya kwana cikin mota tana kunne.

Game da gobara kuwa, zafin indomi ya kan wuce digiri 400 ko mota lafiyarta ƙalau, balle mai misin. Da kaka, sa'ad da a ke shiga gonaki ɗaukar gero da wake, kada a tsai da mota bisa busasshiyar ciyawa ko kara ko harawa, kada kuma a matsa da ita kusa da rumbu. Aikin shekara guda na iya tafiya cikin rabin sa'a.

AIKIN MAGATAKARDA

Ba a ce malamin ofis ya zama bakanike ba. Alƙalaminsa ne makaminsa. Ko wace motar ofis a buɗe mata littafi, a riƙa rubuta kwanan wata, da lambar kilomita da agogo ya nuna, da litar man da aka zuba da inda aka saya, da duk gyaran da aka yi da abin da aka sāke. In an fara jin harbi, a rubuta ranar da amsoshin tambayoyin nan huɗu. In an jona na'ura, a kwafe lambar kafin a goge ta. Duk kayan da aka cire kuma a dawo da tsohon ofis.

Ga misalin amfanin wannan. Daga Daura zuwa Katsina ta Mashi kimanin kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160. A ƙaddara mota tana cin kilomita 10 da lita ɗaya, lita 16 ke nan. In silinda ɗaya cikin huɗu ba ta kamawa kuma mai bai daina zuwa mata ba, rubu'in abin da aka zuba, watau lita 4, ya bi iska a tafiya ɗaya. Tafiya kaɗan za a yi kuɗin wannan mai ya wuce na sababbin fulogai huɗu. Malamin da ke riƙe da littafi zai ga shan mai ya ƙaru tun kunne bai fara jin harbi ba, kuma ba za a zargi direba da satar mai a kan laifin fulogi ba.

AIKIN HAKIMI GA JAMA'A

Saura harbin ganganci. Waɗansu samari su kan fasa cikin salansar babur, ko su kashe makulli suna cikin gudu su sāke kunnawa, don man da ya taru ya fashe, galibi wajen kai amarya ko daren Salla. Wannan ba cutar inji ba ce, bakanike ba shi da maganinta. Maganinta na hannun iyayen ƙasa. Abin da a ke roƙo shi ne Hakimi ya tara Dagatai da Masu Unguwanni da shugabannin direbobi da na 'yan acaɓa da na makanikai, ya bayyana musu illar abin, a kuma roƙi limamai su yi nasiha. A ja kunnen masu walda kada su karɓi aikin fasa salansa. Kafin hawan Salla da na Gani da manyan ranakun kasuwa a sa sankira ya yi shela. Wanda ya ƙi ji, akwai jami'an duba lafiyar motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, aikinsu ne. Amma nasiha ba ta shiga sai in motar Hakimi da ta 'yan rakiyarsa su ne farkon masu tafiya shiru.

Ƙasar Daura ta zama wurin koyon wannan ilmi, gama an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan cikin 2019, a watan Disamba na shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Ya dace Hakimai su ƙarfafa wa yaran garuruwansu, har da masu koyo a gareji, su nemi sanin aiki da na'urar bincike, don a daina gyaran kirdado.

Taƙaitawa ita ce: harbin salansa alama ce, ba ita ce cutar ba. A saurari lokacin da ya ke zuwa, a rubuta, a duba huda, da matacin iska, da fulogi, da wayoyi, da mai, kafin a taɓa cikin inji. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Daura, ya taimaki Hakimansa bisa riƙon amana, ya kiyaye matafiya, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.